Shirun Gidan Hansai Mai Markaɗe

Duk wanda ya tashi a unguwar da ke gangarawa kogi ta bayan kasuwar Wudil ya san Inna Hansai mai markaɗe. Wanda bai taɓa ganin fuskarta ba ma ya san muryar injinta. Da an idar da sallar asuba, tun masu koko ba su gama hura wuta ba, sai ka ji ya yi tari, ya sake tari kamar tsoho mai mura, sannan ya kama. To, unguwa ta tashi ke nan. Mai barci ya yi tsaki, mai ƙosai ta sa masa albarka.

'Yar Lajawa ce. Mahaifinta manomi ne mai 'yan tumaki. Ba ta yi boko ba, allo ta yi, ta samu abin sallah da ɗan ƙari. Ta auri Malam Ɗayyabu, direban tankar mai, ya kawo ta Wudil ya ajiye a wani ɗan gida mai ɗaki biyu da rumfa. Mutum ne mai sanyin hali, sai dai hanya ta fi ta samunsa. In ya tafi Kudu ɗauko mai, sai wata ya mutu wani ya tsaya bai dawo ba. Ta haihu, Allah bai raya ba. Ta sake haihuwa, nan ma Ya karɓi abinSa. Daga nan haihuwa ta tsaya, kuma ba wanda ya taɓa jin ta yi ƙorafi.

Wata dawowa da ya yi, ya yi sallama ba a amsa ba. Ya leƙa ya tarar da ita tsugune a tsakar gida tana ba kaza labari, har da tambayarta ko ta ji. Sai ya koma zaure ya sake sallama da ƙarfi. Dawowar da ta biyo baya sai ga shi da injin markaɗe a baro ana turowa, ja, sabo dal.

"Ga abokin hira na kawo miki," in ji shi. "Ci ne da shi, amma abincin nasa ni nake dakonsa, ba zai gagare mu ba."

Da gaskiyarsa a lokacin. Zamani ne da bakanike ke wanke hannu da fetur ya watsar da sauran a ƙasa. Ba wanda ya kawo wa ransa cewa abin yana da iyaka.

Shi ya koya mata yadda ake naɗe igiya a fizga, da yadda ake ɗaure bel, da yadda za ta gane haƙoran inji sun cinye daga taɓa ƙullu da yatsa. Amma abin da injin ya zama a unguwar, ba shi ya koya mata ba, kuma har ya koma ga Allah bai sani ba.

Matan unguwar ba masu fita ba ne, sai biki, sai suna, sai asibiti ko gaisuwar mutuwa. Injinan da ke gari duk a bakin titi suke, maza ke riƙe da su, saboda haka yara ake aika. Yara kuwa ka san su, a tsaya wasa a hanya, a zubar da rabin ƙullu, a dawo da wake da gari-gari. Da aka ji ga inji a cikin gida, mace ke markaɗa, kuma maigidan ba mazauni ba ne, sai maza suka sassauta. "Zan leƙa markaɗe gidan Hansai" ta zama maganar da ba a hanawa. Mace ta yafa mayafi, ta ɗauki robarta, ta samu ta ga sararin Allah.

Sai dai gidan yana da wani aibu. Katangarsa ta ƙasa ce, gajeriya, kuma daidai bayanta akwai wata tsohuwar darbejiya inda mazan unguwa ke da majalisa. Ko atishawa ka yi a tsakar gidan, na waje zai ce maka yarhamukallahu. Amma da an tayar da inji, shi ke nan, ko ganga aka buga ba mai ji. Ba a san wadda ta fara ganewa ba. Abin dai ya zama al'ada: wadda layi ya zo kanta za ta tsaya a kafaɗar Hansai tana zuba ruwa kaɗan-kaɗan, ta kai baki saitin kunnenta, ta buɗe murya iya ƙarfinta ta faɗi abin da ke cin ta. Na kan tabarma masu jiran layi suna ganin baki yana motsi, ba sa jin ko kalma. In hawaye ya zubo, ai ga attarugu, ga albasa, wa zai ce kuka ne?

A haka Hansai ta ji abin da liman bai ji ba, likita bai ji ba. Ta ji wadda ciki ya zube mata ba ta faɗa wa kowa ba, da wadda ɗanta ya fara shaye-shaye, da wadda ta taɓa wani ƙulli a ƙirjinta tana tsoron asibiti. Ba ta da dogon wa'azi. Idonta a kan ƙullu, hannunta yana tura wake, sai ta gyaɗa kai ta ce, "Allah Ya kyauta," ko ta ce, "Gobe ki je a duba, kar ki kwana biyu." In ta ga markaɗe ya ƙare magana ba ta ƙare ba, sai ta ɗebo ƙullun ta murza, ta yamutsa fuska ta ce bai yi laushi ba, ta mayar da shi cikin inji. Masu jira su yi ta gunaguni, alhali kowacce ta san an taɓa mayar mata da nata. Kuma ba a taɓa jin maganar da ta shiga kunnen Hansai ta fito ta wata ƙofa ba.

Malam Ɗayyabu ya rasu a gida, bayan jinyar ciwon suga. Da ta fita takaba danginta suka ce ta tattara ta dawo cikinsu, mace ita kaɗai a gida ba tsari ba ne. Ta ƙi. Shekaru suka tura, yayanta da ke matsa mata shi ma ya rasu, nauyinta ya dawo kan ɗansa Lukman, wanda ke zaune a Utai da iyalinsa. Duk Sallah in ya zo gaisuwa sai ya tayar da maganar.

"Gwaggo, ɗaki fa yana nan, har siminti na yi masa."

"Ka zuba gero a ciki, Lukmanu. Gidan da mutane ke shiga ba kango ba ne. Ranar da ƙafa ta ɗauke daga gidan nan, ba sai ka roƙe ni ba."

Da wannan ta riƙe gidanta. Ba ta da ɗa, ba ta da miji, amma tun asuba har azahar tsakar gidanta cike take da takalma da surutu, kuma wannan ya ishe ta ta kai dare.

Sai shekarar da aka janye tallafin mai ta zo. Abu kamar wasa, kwalbar da take aika a sayo mata wajen 'yan bumburutu ta zama sai an yi shawara kafin a saya. Gari ya canza kama. Kekunan da aka jingine tun zamanin iyaye aka fito da su aka kai wa mai faci. Injinan ban ruwa a fadama suka rage kuka. Jakuna suka dawo ɗaukar yashi daga bakin kogi. Hansai ta ƙara kuɗin markaɗe, ranar ba ta iya kallon idon kowa ba, kuma duk da haka bai fitar ba. Ta koma sai robobi sun taru take tayar da inji, ta yi sauri ta kashe. Mayar da ƙullu kuwa ya zama tarihi. Mace za ta fara magana, tana tsakiya inji ya mutu, ta haɗiye sauran ta tafi da shi gida. Wasu suka jawo dutsen niƙan iyayensu daga bayan ɗaki, suka daina zuwa gaba ɗaya.

Akwai wata Esta, ma'aikaciya a jami'a, mutumiyar Kudancin Kaduna, da ke haya a bakin unguwar. Duk Asabar takan kawo dawar kunu. Wata Asabar ta tarar da Hansai tana ɗaga kwalba tana duban ɗan man da ya rage.

"Mama, har yanzu jira kike ya sauko?"

"To me zan yi, 'yar nan? Komai ya hau ai yana saukowa."

"Ko ya sauko ba zai koma kamar da ba. Man nan a ƙasa ake haƙo shi kamar ruwan rijiya, sai dai shi damina ba ta mayar da shi. Na kusa an kwashe, yanzu sai an zurfafa, kuma duniya duka guga ɗaya ake ja."

Hansai ta tuna mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jigilar abin nan daga Kudu zuwa Arewa. Ashe shi ma abin ɗan ƙarewa ne kamar mai ɗaukarsa. Komai mai ƙarewa ne sai mulkin Allah.

"To in rijiya ta ƙafe ai kogi ake zuwa," in ji ta. "Ina kogin?"

Esta ta ɗaga kai ta nuna sama da baki. "Ga shi can, kullum yana gasa mu a banza."

Hansai ta san zancen sola, don shi ne ma sana'ar Lukman, yana bin fadamu yana haɗa wa manoma ban ruwa da hasken rana. Ba ta taɓa zaton abin zai shafe ta ba ne. Ta kwana tana juya maganar, ta ga in dai tsada ce ta kori mutanenta, to sauƙi zai dawo da su. Ta aika aka kira Lukman. Ranar Juma'a aka kora awakinta duka zuwa kasuwa, har da wata baƙa da ke bin ta kamar 'ya.

Lukman ya zo da kayansa. Ya hau kan rumfa ya jera farantan sola, ya sauko ya kwance jan injin ya ture shi gefe, ya ɗaura wani ɗan ƙarami mai ruwan toka a madadinsa. Ba igiya, ba hayaƙi. Ya danna wani maɓalli, bel ya fara juyawa.

Safara'u, maƙwabciyarta ta jikin katanga, tsohuwa mai barkwanci wadda suka yi shekaru tare, ta karkato kai tana saurare.

"Ya kama kuwa, ɗan nan?"

"Ya kama, Iya. Haka yake."

"Ikon Allah! Hansai, kin saki mafaɗaci kin auro kurma."

Lukman ya yi dariya. "Kunnen Gwaggo ai zai huta. Sai dai ba na asuba ba ne, sai rana ta ɗaga. Ranar hadari kuma hutu."

Ta mayar da kuɗin markaɗe ƙasa. Labari ya zaga, kafin mako ya zagayo takalma suka dawo ƙofar rumfa. Hansai ta riƙa jin kamar an sauke mata dutse daga ƙirji. Abin da ba ta lissafa ba shi ne, yanzu da hantsi ake markaɗe, kuma da hantsi ne majalisar darbejiya ke cika, don tsadar mai ta zaunar da maza da yawa waɗanda da ba a ganinsu sai magariba.

Ranar da abin ya faru, mata kusan shida ne a kan tabarma. Ikilima ta shigo da bokitin waken suya. Yarinya ce mai natsuwa, daga Kausani aka auro ta, tana awara a gida. Mijinta Garzali ɗan acaɓa ne. Ta daɗe ba ta zo ba, kuma Hansai na kallon idonta ta san a cike take. Da layi ya zo kanta ta miƙe, ta tsaya inda ake tsayawa, ta ɗauki kofin ruwa. Hansai ta danna maɓalli. Yarinyar ta ga bel yana juyawa, ta ga ƙullu ya fara zubowa, sai jikinta ya yi abin da ya saba. Ta kai baki kunnen Hansai, ta buɗe murya iya ƙarfinta.

"Inna, na gaji! Tun azumi bai kawo ko ƙwayar hatsi ba! Ya ce wa mutane ya ba da babur haya, wallahi yana ɗaki, ni na lulluɓe shi da zani, mai ne ya gagare shi! Da awarar nan muke ci! Jiya 'yan kunnena na sayar, na ce masa sun faɗi, don kar ya ji kunya!"

Hansai ta ɗaga hannu za ta rufe mata baki, amma aikin gama ya gama. Ita ma da farko gyaɗa kai ta fara yi, don kunnenta ya saba. Fuskokin matan kan tabarma ne suka gaya mata. Safara'u ta dafe kai tana salati ƙasa-ƙasa.

A bayan katanga hira ta tsaya cak. Ba wanda ya yi dariya, da ma an yi da ya fi sauƙi. Sai wani ya yi gyaran murya. Can aka ji benci ya motsa, aka ji takun mutum ɗaya yana tafiya a hankali, bai yi wa kowa sallama ba.

Ikilima ta tsaya da kofi a hannu, ruwa yana zuba a ƙafarta. Ta dubi katanga, ta dubi ɗan injin da ke ta juyawa abinsa. Ta sunkuya ta ɗauki bokitinta, rabi ƙullu rabi wake, ta fita ko takalmi ba ta saka daidai ba.

Garzali bai daki matarsa ba, bai kuma sake ta ba. Ya dai daina zama a majalisa, ya koma sallah a wani masallaci can wajen tasha. Ikilima ba ta ƙara taka gidan ba, ko shi ya hana, ko kunya ce, Allah ne masani. Amma maganar ba ta tsaya a kansu ba. Kowane namiji da ke ƙarƙashin bishiyar ranar ya koma gida da tambaya ɗaya a ransa: ashe shekara da shekaru abin da ake yi a gidan nan ke nan? To ni me aka faɗa a kaina? Ba wanda ya zagi Hansai. In sun haɗu da ita a hanya har rusunawa suke. Sai dai ɗaya bayan ɗaya suka ce wa matansu, markaɗe ai aikin yara ne.

Ciniki bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi, don ba inda ya kai nata sauƙi. Robobi su yi layi tun daga rumfa har zaure. Yara su dire su ruga wasa, su dawo su ɗauka. Tsakar gida cike da robobi, ba mai cewa "Inna, kin tashi lafiya?" da nufin ya ji amsa. Takan gane robar kowacce. In ta ga waken wance ya ragu, ko ta ga tattasan wance duk ruɓaɓɓe ne, ta san akwai magana a gidan, amma roba ba ta da baki.

Safara'u, da yake ta wuce a hana ta fita, takan lallaɓo da sandarta. Wata rana ta matso ta fara yi mata raɗa a kan wani abu da ke damunta game da 'yarta. Hansai ta ga leɓe yana motsi, ba ta ji komai ba. Shekarun da ta yi a kan jan injin sun tafi da rabin jinta, ba ta sani ba sai ranar.

"Me kika ce?" ta tambaya, da muryar da ta kai har bayan katanga.

Safara'u ta yi murmushi, ta dafa ta. "Ba komai. Na ce Allah Ya ba mu lafiya."

Sai ta yi tunanin ko shirun ne ya kore su. Ta sayi kwalba guda, ta jawo tsohon injin ita kaɗai, ta goge shi, ta zuba masa. Da asuba ta naɗe igiya ta fizga har kafaɗarta ta amsa, da ƙyar ya kama. Ƙara ta cika unguwa kamar da. Ta shimfiɗa tabarma, ta zauna tana kallon zaure. Gari ya waye sarai. Hayaƙi ya cika rumfa, ya sa ta tari. Ba wadda ta shigo. Ta bar shi yana ta kuka ba komai a cikinsa, har man ya ƙare ya mutu don kansa. Ta naɗe tabarmarta ta kai ɗaki.

Damina ta sauka. Da ta yi nisa aka shiga marka-marka, sama ta rufe, rana ta ƙi fitowa. Kowa ya san ranar hadari ba markaɗe, saboda haka ko yaro bai leƙo ba. A cikin kwanakin nan zazzaɓi ya kwantar da ita. Da farko ta ɗauka na wuni ɗaya ne. Washegari ta yunƙura za ta je randa, ƙafa ta ƙi. Ta yi taimama da bangon ɗaki, ta yi sallah a kwance. Ta yi kira, ruwan da ke dukan kwano ya shanye muryar. A da, in asuba ta wuce ba a ji inji ba, kafin rana ta fito Safara'u ta ɗora haɓa a kan katanga tana cewa, "Hansai, lafiya, ko kin mutu ne ba ki gaya mini ba?" Yanzu shiru ya zama halin gidan, ba wanda zai ji shiru ya tsorata. Tana kwance tana jin maza suna wucewa masallaci, tana gane takun kowa. Ba mutuwar ce ta ba ta tsoro ba, wannan ta daɗe da shirya mata. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne a ce sai wari ne zai sanar da mutane, ba wanda ya laƙƙana mata kalmar shahada.

Esta ce ta same ta, da Asabar ta zo. Ta yi sallama ba a amsa ba, ta ga ƙofar ɗaki a buɗe, ga buta a kife. Ihunta ne ya tara unguwa. Matan da suka daina zuwa duk suka shigo a guje, wasu ba mayafi. Aka kai ta asibiti, aka yi mata ƙarin ruwa, aka kira Lukman.

Ya zauna a bakin gadon yana murza hularsa.

"Gwaggo, ban san me zan ce wa Allah ba in da..."

"Na sani," in ji ta. "Ka nemo mota. Amma ka ba ni kwana biyu, akwai abin da zan sauke."

Da ta dawo gida ta aika a kira mata Garzali. Ya zo bayan la'asar, ya tsuguna a zaure, kansa a ƙasa. Ya rame. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya yi mata ya jiki, ta tambayi mutanen gida.

"Garzali, a gidana asirinka ya tonu. Ka yafe mini."

"Haba Inna! Ke me kika yi? Ai ba ƙarya aka faɗa ba."

"Ita ma ka yafe mata. Ba tona ka ta zo yi ba. Ta ɗauko kaya ne ya yi mata nauyi, ta zo inda ake saukewa."

Ya shiga zanen ƙasa da yatsa.

"Injin nan da farantansa, Lukmanu zai kwance ya haɗa maka a zaurenka. Unguwa ba za ta zauna ba markaɗe ba. Ba ya cin mai, ba ya cin komai, sai dai ka riƙa goge masa fuska."

"Inna, ba zan iya karɓa ba."

"Wa ya ce kyauta ce? Kai dai son banza. Aro ne. Ranar da na dawo ka miƙo mini abina."

Ya ɗago ya dube ta, ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Dukansu sun san ranar ba mai zuwa ba ce.

"Abu ɗaya nake roƙo," in ji ta. "Ka bar ta ta zo mu yi sallama."

Ikilima ta zo ranar tafiya, ana ɗora kaya a akori-kura. Kayan ba su da yawa: katifa, akwati, randa, 'yan kwanuka, da Alƙur'anin marigayi a cikin gafakarsa. Jan injin 'yan gwangwan suka ɗauka, Hansai ta shige ɗaki har suka fita da shi. Mata sun taru a ƙofar gida, maza suna tsaye daga gindin darbejiya suna Allah Ya kiyaye hanya. Ikilima ta ratso ta kama hannunta da hannu biyu. Ga mutane ko'ina. Ta buɗe baki, ta rufe. Abin da ya fito shi ne, "Inna, a gaida mutanen Utai."

"Za su ji. Ki riƙe sallah, ki riƙe mijinki."

Safara'u ba ta fito ba. Ta aiko da ƙullin daddawa, ta ce a gaya mata ƙafa ce ta hana ta.

Yanzu tana Utai, a ɗakin da aka yi wa siminti. Ba abin da ta nema ta rasa. Khairiyya, matar Lukman, mace ce mai kirki, ba ta bari ta ɗaga ko tsinke. Akwai fitilar sola a ɗakin, har da fanka. Ana kawo mata abinci a rufe, a durƙusa a gaishe ta, a tashi. Ba wanda ya san ta da wata sana'a a can, tsohuwa ce kawai da aka ɗauko daga Wudil, kuma ba a kawo wa baƙuwar tsohuwa damuwa.

Farkon zuwanta takan fito tsakar gida ta sa baki a hira. Sai ta lura duk sanda ta yi magana yara suna ƙunshe dariya, har maƙwabta suna amsa tambayar da ta yi wa Khairiyya. Wata rana Lukman ya ce mata cikin ladabi, "Gwaggo, a hankali, muna jin ki." Ta ce to. Ta gwada rage murya, sai ta kasa jin kanta, ba ta san ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba. Daga nan ta rage maganar gaba ɗaya.

In ka je da hantsi za ka same ta a bakin ƙofarta, carbi a hannu, ta miƙe ƙafa a rana. In ka ce daga Wudil kake sai fuskarta ta buɗe, ta matsa maka a tabarma. Za ta tambaye ka matan unguwa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, tana kallon bakinka. In ka ce duk lafiya lau suke, sai ta daɗe tana dubanka, sannan ta gyaɗa kai ta ci gaba da jan carbinta.

Allah Ya sa mu cika a gaban masu ce mana mu yi shahada.